Mai Neman Aibu

Remya, kin tare ni a bakin tulun shayi,
kwananki uku kacal a hawa na biyar:
"Yaya, wane aiki zan kama a cikin nan?"
Ban amsa ba. Ruwan Kochi na dukan taga,
ni kuma ba na ba da amsar da ban gwada ba.

Ga ta yau.

Dubi Shihab, mai rubuta manhaja.
Kada saurin yatsunsa ya ruɗe ki,
kaza ma da sauri take tono.
Abin da ake biyansa shi ne zaman nan:
awa huɗu yana kallon layi ɗaya
kamar mai ƙugiya a bakin gada,
har ya kamo waƙafin da ya ɓata mana Talata.
In ba ki iya zama da rashin sani ba,
bar masa kujerarsa.

Jisha ba ta son lissafi, da bakinta ta faɗa.
Amma ita ta yi sammako zuwa kasuwar kifi,
ta tsaya cikin ƙarni da ƙanƙara
tana kallon yadda tsohuwa Ponnamma ke latsa waya
da jiƙaƙƙen yatsa da idon da ya fara hazo.
Ta dawo ta ce: ku ƙara girman maɓallin,
kalmomin nan tara, ku bar biyu.
Wannan ma aikin kwamfuta ne, ƙanwata,
ko da babu lamba ko ɗaya a cikinsa.

Kuriakose kuwa sai dare ake saninsa.
Shi ke kiwon uwar garke a ɗaki mai sanyi,
waya ƙarƙashin matashi shekara goma sha ɗaya.
Daren da ambaliya ta cinye layin wuta,
kuɗin masunta dubu uku na reto a iska,
kowa na ihu, shi yana ɓare ayaba.
Ya cinye, ya goge hannu, ya ce: ɗaya bayan ɗaya.
Kafin jirgin ruwan farko ya bar gaɓa
kuɗi sun sauka.
Ba wanda ya ce masa sannu.
Haka aikinsa yake: in ya yi kyau, a manta da shi.

Akwai Meenakshi mai tsaron ƙofa,
tana tunani irin na ɓarawo
don ɓarawo ya iske an riga shi.
Ba ta yarda da kowa ba, har ni,
kuma da gaskiyarta:
kalmar sirrina a da sunan kyanwata ce.

Ni fa?
Ni ce mai neman aibu.
Tun ina yarinya nake juya riga in duba ɗinki,
uwata ta ce wannan hali zai bar ni da yunwa.
Yau shi ke saya mata magani.
Ina rubuta talatin ga Fabrairu,
ina cusa suna a gurbin kuɗi,
ina latsa "biya" sau biyu kamar mai rawar hannu,
in jira abu ya fashe a hannuna
kada ya fashe a hannun Ponnamma.
Ganowa ba ita ce wahala ba.
Wahalar ita ce in je wurin Shihab
da aikin da ya kwana uku a kansa,
in ce masa ya karye,
mu kuma ci shinkafar rana a tebur ɗaya.
Sai da na shekara shida na iya wannan.

To kada ki tambayi wanne ya fi tsoka.
Kowanne da irin gajiyarsa;
nemi wadda za ki iya kwana da ita.

Jiya dai na gan ki.
Allo ya yi ja, kowa ya rufe shi ya wuce,
ke kika tsaya kina karanta saƙon kuskure
har ƙarshe, leɓenki na motsi.
Ban ce komai ba tukuna.
Gobe ki jawo kujerarki kusa da tawa.
Akwai wani shafi da ya ƙi lalacewa tun Litinin,
ni kuwa ban yarda da shi ba.